Yadda Ake Cin Kaza da Oda

Kai da ka sami aikin masinja a barikin Turawa, ka sa kaki, amma har yau miyarka ba nama: kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin damina ta sauka naman kaza zai gundure ka. Makaminka kalma ɗaya ce: oda.

Mataki na 1: San abin da ke bakinka

Oda ba 'yar gari ba ce. Turawa suka shigo da ita Sakkwato, tare da igwa da kifin gwangwani. A harshensu tana nufin umurni, amma kada ka haɗa su. Umurni yana da mai shi, kana iya zuwa ka durƙusa ka roƙi sassauci. Oda kuwa bayanta Bature ne, bayansa wani Baturen a Zungeru, bayansa wani sarki a hayin teku wanda bai san inda Ƙofar Taramniya take ba. Wa za a je a roƙa?

Mataki na 2: Kada ka koyi sauran Turancin

Ɓata lokaci ne. Maigandi, masinjan da za mu yi karatu da shi, oda kaɗai ya iya, kuma da ita ya yi teɓa.

Mataki na 3: Bar ta ta kumbura a hanya

Kukun Bature zai ce maka maigida na son kaza da yamma. Kaza ɗaya fa. Kafin ka iso gari ta zama kowane gida kaza. Haka Maigandi ya shiga Taramniya da kwando yana shela. Wani malami, Malam Junaidu, ya tare shi.

"Wagga oda, cikin wane littahi ta zo?"

"Allah gahwarta Malam, nasu daga hagun aka hwara shi. Ba ka iyawa."

Malam ya miƙa zakara. (Mai ilmi ya fi kowa tsoron littafin da bai karanta ba.)

Mataki na 4: Shiga da takalmi

Ba a sallama da oda. Ɗaure fuska, kalli sama, taka tabarmar zaure. In an kawo maka ruwa, sha, amma kada ka gode.

Mataki na 5: Duba zauren kafin ka buɗe baki

Nan Maigandi ya yi sake. Kwando ya cika, kai ya ɗau zafi, ya faɗa wani zaure yana ihun oda. Sai ya ji tari daga ciki. Gidan surukarsa ne, Inna Lantana, inda matarsa Dijatu ke wankan jegon haihuwar fari.

Takalmi ya fita da kansa. Gwiwa ta kai ƙasa.

Ka san suruka ba ta magana da mijin ɗiyarta kai tsaye. Sai ta juya wajen maƙwabciyarta.

"Ke Hasana, wa ka ihu zauren ga?"

"Baban jinjirin Dijatu na, Inna. Da kaji cike da kwando."

"Madalla! Ashe ya tuna da maijego. Tun da ɗiyata ta sauka, ko ƙahwar kaza ba mu gani ba. Amso su."

Maigandi ya lalubo kalmar da ta girgiza malamai, ya buɗe baki. Abin da ya fito: "Ina wuni." Ya yi wa Hasana raɗa, don Allah a bar masa ɗaya ta Bature, kakinsa na hannun kazar nan.

Inna ta gyara zama. "Hwaɗa mishi oda ce."

Masu kajin da suka ji labari suka ce sun yafe, tun da maijego za ta ci. Malam Junaidu har ya aiko da yaji.

Mataki na 6: Tanadi wata sana'a

Ran nan Bature kifin gwangwani ya ci. Washegari aka karɓe kakin. Yanzu Maigandi itace yake sayarwa. Yakan daka wa jakinsa oda, amma jakin bai yi aikin bariki ba.

Gargaɗi

In ka bi matakan nan aka tuɓe ka, ko aka yi romo da abincin maigidanka, babu ruwan mai wannan rubutu. Kada ka zo ƙofar gidanmu neman bahasi. Ni ma oda aka ba ni.