Rasuwar Murfin Tagata na Waje

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗaki mai cike da rana da idanun mutane, nake sanar da abokai da maƙwabta rasuwar murfin tagata na waje. Ya faɗi ranar Talata da la'asar, ina makaranta ina koya wa ɗalibai yadda tsatsa ke cin ƙarfe.

Marigayin katako ne zalla, mai kauri, mai haƙuri. Tun kafin in kama hayar ɗakin yake tsaye yana fuskantar titi. Rana ta gasa shi, ruwan sama ya dake shi, ƙwallon 'yan unguwa ta sha sauka a ƙirjinsa, bai taɓa kai ƙara ba. Iyakar maganarsa "ƙiiiƙ" da safe, "garam" da yamma, sai "kaf-kaf-kaf" in iska ta matsa masa. Shi ya tsaya tsakanina da bencin mai faci, inda marasa aikin yi ke wuni suna lura da shige da ficen kowa.

Albarkacinsa Mama ta yarda in zauna ni kaɗai kusa da wurin aikina. Ranar da ta zo duba ɗakin, ko gado ba ta kalla ba. Murfin ta ja, ta girgiza, sannan ta ce muddin yana nan in zauna, ranar da babu shi in tattaro kayana. Yaya, wanda zaman nan nawa ya tsone masa ido, tuni ya share mini ɗaki kusa da na yaransa, yana jira.

Ciwon marigayin daga ƙafa ya fara. Gindinsa ya kumbura da damina, ya soma ruɓewa, ƙusoshi suka saki. Na shafa masa fenti, na ɗiga masa mai, na tallafe shi da bulo. Kafinta ya duba shi ya ce sai dai haƙuri. Mai gidan haya ya ce zai leƙo. Har yau yana kan hanya.

Ya rasu ya bar taga ɗaya, da gilashi mai tsagu, da ni. Ya kuma bar ƙaninsa, murfin ciki, ɗan gata mai sheƙi, wanda baƙi ke yaba wa da cewa ba ya tsufa. Ina zai tsufa, ɗigon ruwa bai taɓa taɓa shi ba? Jiya iska ta ɗan hura, ya buɗe da kansa ina tsakiyar ɗaura ɗankwali.

Mama tana tafe ranar Asabar. Na jure ɗaukewar ruwa da wuta da tsegumin layin nan kaf, ba zan koma gida saboda katako ba. Don haka an ɗage jana'iza. Za a mayar da marigayin mazauninsa, a ɗaure shi da waya, a sabunta masa fenti, ya yi mini tsayuwar ƙarshe. Mai shuɗin fenti ko guduma ya taimaka ya kawo kafin Juma'a. Don Allah kada a jingina da mamacin, kada kuma a yi mini ta'aziyya a gaban Mama.

Za a sauke shi a kai shi makwancinsa a bayan gida da zarar motar Mama ta sha kwana. Duk wanda ya kai wa Yaya labari kafin nan, ya zo da shirinsa, ramin zai ɗauki biyu.