Shugaba Kuramochi, Kakakin Matattu

Duk garin da ya samu mutum irin Kuramochi Shigenobu ai ya gama samun gata. Wasu garuruwan suna taƙama da likitoci, wasu da malamai, amma Hanezu kaɗai ke da wanda matattu ke kai wa kuka. Rabin rayuwarsa ya yi a wani katafaren kanti a birni yana koya wa sababbin ma'aikata rusunawa: wane mai saye za a ɗan duƙa wa, wane za a sunkuya wa har goshi ya kusa gaisawa da gwiwa. Da ya yi ritaya ya dawo gida da wannan ilimi mai tsada, ya duba gabas ya duba yamma, bai ga waɗanda suka cancanci amfana da shi ba sai mutanen makabarta. Su ne ba sa katse shi in yana magana.

Aka ba shi shugabancin kwamitin kula da makabartar kan tudu, don ranar zaɓe shi kaɗai ya ɗaga hannu. Kafin mako ya zagayo ya sa an ɗinka masa ƙyalle mai rubutun ruwan zinariya, yana ɗaurawa a damtse ko kifi zai je saye. Mutanen gari suka raɗa masa Kakakin Matattu. Da sunan ya kai kunnensa ya gyaɗa kai, ya ce ashe har yanzu akwai masu gane daraja.

Mai hangen nesa ba ya jira sai 'ya'ya sun yi masa kabari. Shugaba ya gina nasa tun yana da sauran haƙora, baƙin dutse mai sheƙi, a sahun gaba daf da filin ajiye motoci, ya fi na kowa tsawo. Kamar yadda ake yi wa duk wanda ya gina da ransa, aka cike haruffan sunansa da jan fenti, sai ranar da ya cika a goge jan. To amma jan mai sassaƙa bai yi masa ba, wai ya yi duhu, ba a hango shi daga titi. Ya kankare shi da hannunsa, ya ari fentin zanen makaranta na jikarsa ya shafa, ja wur kamar tattasai. Ran nan har ƙasan tudu ya sauka, ya shiga motar haya ya wuce ta gaban makabartar don ya tabbatar fasinja na iya karantawa.

Ana wata ga wata. Sai ga motocin kwana sun gano filin, irin manyan nan masu gado da murhu a ciki, waɗanda tsofaffin ma'aurata ke yawon ƙasa da su. Fili shimfiɗaɗɗe, ga famfo, ga bayan gida, ga maƙwabta marasa hayaniya. Su iso da yamma, su kwana, da safe su share wurin su wuce. Aibinsu guda ne: tsawo. In ɗaya ta tsaya a sahun gaba, jan sunan Shugaba ya ɓace wa duniya ke nan.

Ba wannan ya dame shi ba, ko kusa. Shi kansa ya faɗa a taron kwamiti, yana dafe da ƙirji.

"Ni ba don kaina nake magana ba. Jiya na tsaya a tsakiyar kaburbura, na ji kakanninmu suna nishi. Mutum ya zo ya miƙe ƙafa yana minshari a ƙofar magabata? Wannan raini ne. Duk wanda ya kwana cikin mota a makabarta, ko wane ne ubansa, bai san kunya ba. Sarƙa nake so a ƙofar filin nan, makullin kuma a aljihuna."

Aka tsayar da ranar ƙuri'a: safiyar farko ta bikin Obon, lokacin da matattu ke dawowa su ɗan kwana biyu da iyalinsu, kafin a kunna musu wuta a ƙofar gida a raka su. A zaman ne za a yanke maganar sarƙa, a kuma sake zaɓen shugaba. Wannan karon akwai wani hannun da zai ɗagu, na Nagumo-san, wato Malama Nagumo, tsohuwar da ke sayar da furanni a bakin ƙofa. Ita cewa take wanda ya taho daga nesa don gaida nasa, dole ya samu inda zai sa haƙarƙari. Shugaba ya ce ra'ayin 'yan tireda ne, amma ya san in ya rasa sarƙar, ƙyallen ma ya tafi. Hujja yake nema ido rufe.

Ana jajibirin biki hujjar ta iso da ƙafa huɗu. Wata farar motar kwana ta tsaya cak a gaban baƙin dutsen. Mai ita wani tsoho ne, Hidaka, daga can arewa, ya zo wanke kabarin matarsa, masaukan gari kuma duk sun cika. Yana tsaye a famfo da bokitin katako da ludayi Shugaba ya dira a kansa. Ya yi masa lacca a kan ladabi tun daga zamanin kakanni, ya gyara masa rusunawa har sau biyu, sannan ya yanke hukunci.

"Tunda hayaƙin motarka ya ɓata wannan dutse mai daraja, sai ka wanke shi tas, daga sama har ƙasa. Ka gama ka bar wurin nan kafin rana ta faɗi."

Hidaka ya dubi rubutun, ya ce, "Shugaba, ai jan nan kamar..."

"Ban tambaye ka ba."

Ya juya ya kama hanya, hannuwa a baya, tafiyar manya. Tsoho ya ɗebo ruwa a ludayi ya kwarara daga kan dutsen. Jan ya biyo ruwan zar, ya gangara ya shige ƙasa. Hidaka ya kwala kira, "Shugaba! Ka ɗan waiwayo!" Shugaba ya ɗaga hannu ɗaya ba tare da ya juyo ba, ya ce shi ba ya karɓar roƙo. Tsohon ya ga ba yadda zai yi, ya ƙarasa aikin da aka sa shi, ya tada motarsa ya koma bakin titi.

Nasara ɗaya ba ta isar jarumi. Shugaba ya ƙudura sai ya kama wani dumu-dumu yana barci, ya gabatar da shi gaban kwamiti da safe. Matarsa ta tafi garinsu biki tare da jikar, babu mai ce masa ina za ka. Ya ari motar mai awara don kada a gane shi, ya shimfiɗa katifa a baya, ya liƙe tagogi da jarida. Bayan duhu ya yi ya lallaɓa ya ajiye ta a sahun gaba, ya buɗe ƙunshin shinkafarsa, ya zauna gadi. Iskar tudu mai sanyi tana shigowa, babu karen maƙwabci, babu ƙarar babur. Ya ce bari ya ɗan jingina. Rabon da ya yi barci mai daɗin wannan tun yana saurayi.

Muryoyi ne suka tashe shi, rana ta take. Makabarta ta cika maƙil da 'yan gari da waɗanda suka dawo daga birane, kuma taron ya fi kauri a jikin motar awara, gaban baƙin dutsen.

"Kai, duba! An goge jan."

"Kuramochi-san? Yaushe? Ba wanda ya faɗa mana."

"Ai yanzu haka ake yi, iyali kawai, shiru-shiru."

"Shiru? Jana'izar Kuramochi? To lallai ya mutu da gaske."

Shugaba ya daskare a kan katifa. Da farko ya yunƙura zai fita, sai wani tunani mai daɗi ya riƙe shi. Mutum nawa ne a duniya suka taɓa jin yabon da za a yi musu bayan ransu? Ya gyara kwanciya, ya manna kunne a jikin jarida.

"Allah sarki. Ya taɓa tsare ni a famfo ya koya mini riƙon ludayi, ni da na haifi ɗa sa'ansa."

"Ni uwata ya ce furanninta sun yi gajarta."

Wata tsohuwa ta ce, "Ku tsaya, ni fa jiya-jiyan nan na gan shi a bakin ƙofa da ƙyallensa, yana yi wa wani bawan Allah faɗa."

Can wani ya ce, "To Obon ne ai, Inna. Dawowa ya yi."

"Tun jajibiri?"

"Kin san shi da son riga kowa."

"Oh ni! Mutuwar ma ba ta rufe masa baki ba. Su na cikin ƙasa su suka shiga uku."

Shugaba ya jira yabon. Ya ƙara jira. Abin da ya fi kama da yabo shi ne da wani ya ce dutsen dai ya yi kyau yanzu da ba jan. Nan haƙuri ya ƙare. Ya banko ƙofar baya ya diro, daga shi sai singileti da ƙyallen zinariya, gashi a tsaye, tawadar jarida a kumatu.

"Ina raye!"

Tsohuwar ta saki bokiti. Wani ƙato ya tsallake kabari biyu a tsalle guda. Nagumo-san ce kawai ba ta motsa ba, don ta ga takalminsa a ƙarƙashin motar tun da sassafe, ba ta faɗa wa kowa ba. Ta rusuna masa daidai yadda ya koyar.

"Barka da asuba, Shugaba. An tashi lafiya?"

"Lafiya ƙalau," in ji shi, kafin hankalinsa ya cim ma bakinsa.

"Madalla. Magabata ba su yi ƙorafin minsharin ba? Mu dai tun daga ƙofa muke jin sa, mun ɗauka injin motar ne."

Gwano ba ya jin warin jikinsa, amma ran nan an taya shi ji. Kwamiti ya zauna a rumfar bakin ƙofa, zaman da bai kai shan shayi ba. Nagumo-san ta ce ba ta da abin ƙarawa, tunda Shugaba da kansa ya gwada kwanan, ya kuma shaida lafiya ƙalau. Maganar sarƙa ta sha ƙasa, shugabanci ya koma hannun Nagumo-san. Aka kwance ƙyallen daga damtsensa, sabuwar shugaba ta ɗaure bakin bokitin furanninta da shi. Da yamma farar motar Hidaka ta dawo, ta tsaya a sahun gaba.

Saura jan suna. Shugaba ya ruga wurin mai sassaƙa, ya tarar ya rufe shago sai bayan biki. Fentin jika kuma ya bi jika. Haka dutsen ya zauna fes, yana ba kowa labarin rasuwarsa.

Amma kada a ce Hanezu ba ta san girman manya ba. A kwanakin nan Kuramochi Shigenobu ya samu irin gaisuwar da ya ƙare rayuwarsa yana nema. Duk inda ya gifta, a kasuwa ko a tasha, sai mutane su tsaya, su haɗa tafin hannu, su lumshe ido, su sunkuya har ƙasa. Mai awara ma da ya miƙa masa cefane, sai da ya ɗora masa sandar turare a kai.

A yammacin ƙarshe, kowane gida ya kunna 'yar wutarsa a ƙofa don raka baƙinsa su koma inda suka fito. Shugaba yana ciki ya ji ƙaurin hayaƙi. Ya leƙo, sai ga wuta tana ci bal-bal a ƙofar gidansa, ta fi ta kowa girma, kamar yadda yake so a komai. Mutanen unguwa sun yi layi a tsallaken titi, cikin ladabi, suna ɗaga masa hannu.