Gashin Bakin Baturen Fatu

Har yau ban yarda laifina ba ne. Shekarar da muka samu mulkin kai, wani Bature ɗan Sifaniya mai sayen fatu yakan ƙetaro daga Dahome ya huta a rumfata ta wanzanci a kasuwar Lolo. Shi ya koya mini sunayen sassan fuska da harshensu. In taɓa hanci in ce "naris", ya gyaɗa kai. Nan da nan na ji na fi ƙarfin ƙasarmu ta Bagudo.

Ranar da ya nemi aski, na tara maƙwabta su ga ilimi. Na taɓa gashin bakinsa mai murɗe kamar ƙahon rago, na ce, "Bigote." Ya gyaɗa kai yana murmushi.

To, a wurinmu in wanzami ya taɓa wuri ka gyaɗa kai, ai ka ba da izini ke nan. Na share gefe guda tas.

Ya duba madubi, ya fice ko hularsa bai ɗauka ba. Mahaucin kusa da ni ya ce, "Sarkin Aska, ɗaya gefen sai kasuwa mai zuwa?"

Yanzu har jikokina Baba Bigote suke kirana. Da na ɗauko aska sai su dafe leɓe.