Kwamanda da Yaƙin Zirnaƙo

Idan ana lissafin mazajen da Allah ya yi wa baiwar yaƙi, a fara da Kwamanda, sannan a ɗan sha ruwa kafin a ambaci na biyu. A sashen yaƙi da ƙwari ya yi aikinsa har ya tsufa. Fari sun zo sun tafi, tsutsa ta ci gonaki ta ƙoshi, shi kuwa bai taɓa ja da baya ba, domin bayansa bango ne, gabansa tebur. Maƙiyi ɗaya da aka tabbatar ya faɗi a hannunsa shi ne wani kyankyaso da ya yi gangancin ratsawa ta ƙarƙashin hatimi.

Da ya yi ritaya, ƙungiyar masu kiwon zuma ta yi sa'ar samunsa shugaba. Shi ya ƙirƙiro kujerar, shi ya hau. Ba shi da amya ko ɗaya, kuma ya bayyana dalili: bai dace jagora ya yi gasa da mabiyansa ba. Amma yana da farar rigar kariya mai hular raga, wadda matarsa ke goge wa har ta yi kari, ba ɗigon zuma ko tabon hayaƙi da ya taɓa ci mata mutunci. Kowa Kwamanda yake ce masa. Mutum ɗaya ce sanarwar ba ta kai gare ta ba, yayarsa, wadda ta goya shi ta share masa majina. Ita har gobe Auta take kiransa.

Yaya tana da amya huɗu a bayan gida, kan ƙananan teburan katako, a inuwar itatuwan lemo. Ɗanta ne ya kafa su kafin ya rasu. Ba ta taɓa cewa don shi take kula da su ba. Cewa take zuma na da kasuwa.

A wannan shekarar zirnaƙo ya sa su a gaba. Sai ya zo ya tsaya cak a iska a bakin amya, ya jira ƙudan zuma ya dawo daga kiwo a gajiye, ya cafke shi, ya datse kai, ya tafi da sauran ya ciyar da 'ya'yansa. Yaya ta tsuke ƙofofin da guntayen katako, ta bar ɗan rami, yadda ƙudajen zuma masu gadi kaɗan za su iya tare hanya. Ƙafafun teburan kuma ta tsoma su cikin gwangwanayen ruwa saboda tururuwa. Ana nan ana lallaɓawa, sai aka aiko 'yarta ta haihu a wani gari, dole ta tafi.

"Auta, abu ɗaya nake so," ta ce masa. "Ka ga gwangwanayen nan? Kada su bushe. Kada ka buɗe komai, kada ka gyara komai. Kada ka gyara komai, Auta."

"Yaya, kin san da wa kike magana kuwa?"

"Na sani. Shi ya sa na maimaita."

Abin ya sosa masa rai. A ce ga fagen fama a gidansu, ga gogaggen mayaƙi, a miƙa masa bokiti. Motarta na ficewa ya saka rigar kariya, ya goya hannuwa a baya, ya fita rangadi.

Abin da ya fara gani ya kusa tsayar masa da zuciya: ruwa kwance, a gidan yayar tsohon jami'i. A zamaninsa ya sha rufe shagunan mutane kan abin da bai kai haka ba, domin duk yaron makaranta ya san nan sauro ke haihuwa. Ya zare gwangwanayen, ya zubar, ya kife su kamar yadda doka ta tanada. Tururuwa, da suka daɗe suna zagaye bakin kogi ba kwalekwale, suka wayi gari an gina musu gada.

Sai ƙofofi. Ya duƙa ya leƙa, ya girgiza kai.

"Rundunar da ke fita ɗai-ɗai ba runduna ba ce, layin asibiti ne," ya shaida wa itatuwan lemo. "Kuma wace sarauniya ce za ta zauna a fadar da ko yatsa ba ya shiga?"

Ya ɗauko sukundireba ya ɓamɓare katakan. Ƙofofi suka yi faɗi, suka yi kyau, suka dace da martabar masu gida da ta baƙi.

Saura tarko. Masu kiwo kan yanke gorar roba su jefa ɗan ruɓaɓɓen kifi, domin zirnaƙo na son ƙarni, ƙudan zuma kuwa ba ruwansa. Kwamanda ba zai yarda da wari a sansaninsa ba. Ya buɗe kabad ɗin Yaya, ya ɗebo zumar da ta fi kowace haske, ya tsiyaya a gorunan, ya rataye a rassa. Ko maƙiyi ne, in ji shi, a karrama shi kafin a kashe shi.

Nasara ba ta ɓata lokaci ba. Goruna suka cika maƙil. Daga nesa, ta cikin raga, ta cikin tabarau da gumi ya dusashe, Kwamanda yana hango gawarwaki na iyo, ƙirjinsa na ƙara faɗi. Matarsa ta kawo masa ruwa, ta ɗaga gora ɗaya ta duba.

"Maigida, waɗannan ba su yi ƙanana ba?"

"Matasan zirnaƙo ne," ya ce. "Mai dabara ba ya ɓata ƙarfi a kan tsofaffi. Zuriya muke yankewa."

Irin wannan nasara ba a ɓoye ta. Ya kira taron ƙungiya a bayan gidan, aka aro benci, aka jona lasifika, aka jera gorunan a kan tebur mai shimfiɗa. Membobi suka dubi gorunan, suka dubi juna, suka dubi mabuɗin da ke rataye a wuyan shugaba, na ɗakin da ake ajiye injin tace zuma na ƙungiya. Suka tafa.

"'Yan'uwa," ya fara, "magabata sun ce ba a shan zuma sai an sha harbi. Muna girmama magabata, amma ba su yi kwas ba. Na tarar da waɗannan bayin Allah a kulle, a tsorace, kewaye da ƙazamin ruwa. Na buɗe musu ƙofa. Na ba su 'yanci. Tarihi zai tambaya, wa ya tsaya musu ranar da…"

Wata irin ƙara ta taso ta danne lasifikar. Amya ta farko ta fara aman ƙudaje kamar hayaƙi, suka dunƙule a sama, suka yi duhu. Duk mai kiwo a wurin ya san abin da yake gani: idan gida ya gagari ƙudan zuma, sarauniya kan kwashe jama'arta ta yi gaba, ba sallama. Kwamanda ya ƙame, ya sara musu.

"Faretin godiya," ya ce. "Ban ma shirya wannan ba."

Bai sauke hannu ba har suka ɓace a bayan rufin maƙwabta.

"Ranka ya daɗe, za su dawo kuwa?" in ji sakatare, a hankali.

"Soja ba ya kwana a wajen bariki."

Sauran amyoyin ma suka yi nasu faretin ɗaya bayan ɗaya, ba tare da sun jira taro ba.

Ranar da Yaya ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba ta zagaya baya. Wurin shiru. Ta kara kunne a jikin amya ta farko, ta daɗe. Ta wuce ta biyu. A ta ƙarshe ta ɗaga murfi: tururuwa na kai da kawo, asu ya yi yana a busasshiyar saƙa. Ta mayar da murfin a hankali, ta daidaita shi, ta zauna a benci ɗaya da aka manta ba a mayar ba.

Kwamanda ya gyara murya ya gabatar da rahoto. Yana farin cikin sanar da ita cewa yanzu babu zirnaƙo ko ɗaya a harabar gidan. A nan kam, a yi masa adalci, gaskiya ya faɗa. Ba mai zama a kasuwar da ta watse.

Yaya ta dube shi daga sama har ƙasa, fuska sumul, wuya sumul, hannuwa kamar na jariri.

"Auta, duk wannan yaƙin, zirnaƙon ya harbe ka ko sau ɗaya?"

"Ko kusa da ni bai zo ba, Yaya. Ya san wanda yake tsoro."

"Ba tsoro ba ne," ta ce. "Kunya ce. Ka buɗe masa ƙofa, ka ciyar da shi har ya ƙoshi. Ai ko zirnaƙo ba ya harbin ma'aikacinsa."