Yadda Ladingo ta Sami Aiki a Masaukin Kure

A wani daji da ke bayan duwatsu, inda kogi ya rabu biyu kafin ya faɗa fadama, an yi wata bushiya ana ce mata Ladingo. Ba ta da jiki, ba ta da murya, amma duk wanda ya taɓa ba ta kula da rumbu ya san aikinta. Kunama ba ta kwana inda Ladingo ta share, gara kuwa ko gini ta fara sai ta tattara ta bar unguwar. A da, neman aiki a dajin ba shi da wuya. Wani ya faɗa wa wani, a kira ka a gwada ka, in ka iya a ce ka dawo gobe.

Ana nan sai Biri Sodangi ya tafi birni ci-rani, ya dawo da kyamara. Ya kafa rumfa a bakin kasuwa, ya rataya wani ƙyalle mai zanen benaye. Kafin damina ta zagayo, ko mai korar ƙuda za a ɗauka sai an ce ya haɗo da hoto. Ba wanda ya san wanda ya fara. Kowa dai ya ga maƙwabcinsa yana yi, ya ji kunyar a ce shi bai waye ba.

Ladingo ta yi wanka, ta gyara ƙayoyinta, ta je rumfar.

"Tsaya haka, Yaya," in ji Sodangi. "Ɗaga haɓa. Kada ki motsa."

Wutar kyamara na yin wal, sai ta dunƙule. Ba da niyya ba, haka Allah ya yi ta. Aka sake, ta sake dunƙulewa. Hoton da ya fito dunƙulen ƙaya ne a gaban bene, ba ido ba hanci. Ta aika wa Gwanki mai shagon hatsi haka nan, ya mayar da shi tare da saƙon cewa ma'aikaciya yake nema, ƙarangiya kuwa yana da ita a bayan gida.

Sodangi ya ce akwai gyara. Ya fito da ita rana, ya kashe wutar, ya ɗauke ta tana tsaye, sa'an nan ya zauna ya goge ƙayoyin da ke jikin hoton ɗaya bayan ɗaya. Hoto ya fito sumul, sai dai duk wanda ya kalla ɓera yake gani. Mai rumbun da aka kai wa bai ba da amsa ba, amma a ranar ya sayo sabon kwaɗo ya sa wa ƙofarsa.

Wurin da ya fi tsaya mata a rai shi ne Masaukin Kure, babban gidan baƙi da ke mararraba. Can kullum ana ɗaukar ma'aikata, kuma Kure ba ya karɓar hoton fuska kaɗai, sai na dukan jiki. Ƙawarta Zabuwa Talle, mai zane da cikar ƙirji, da safe ta aika nata, da azahar aka kira ta. Ladingo ta taya ta murna, ta raka ta har mararraba. Tun daga ranar Talle ba ta sake leƙo ta ba, ko gaisuwa ba ta aiko ba. Ladingo ta ce a ranta, samun wuri ke nan.

Gwaggo Ungulu, wadda ita ma ta gaji da mayar mata da hotuna, ita ta ba ta shawara su kai kuka majalisa. Ranar zama, aka hallara a gindin kuka. Giwa ce shugaba. Ta nemi mai ƙara ta matso, aka ce mata ai tana gabanta, ta yi hankali da ƙafa.

Ladingo ta ce, "Ranki ya daɗe, ni ba mai magana ba ce. Shara na iya, da kashe kunama. Na nemi aiki a wurare da dama, ba inda aka ce na kasa, domin ba inda aka bari na taɓa tsintsiya. Hotona ake gani a sallame ni. Abin da nake tambaya, shin hoton ne zai yi sharar? In shi ne, to, na haƙura, domin ni ma na kalle shi, ban ga alamar zai iya ba."

Aka yi dariya, ita kuwa saura kaɗan ta dunƙule.

Ɗawisu ya miƙe, ya buɗe jelarsa har ta rufe wa na baya gani. Ya ce, "Allah ya ja zamanin shugaba. Ina tausaya wa wannan baiwar Allah ƙwarai. Amma magabata sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, sun kuma ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ni ban taɓa jin an zalunci kowa saboda hoto ba. Duk inda na aika nawa an kira ni. Wasu wuraren ma ban nemi aikin ba. In da akwai zalunci a cikin abin nan, ai da ni na fara gani."

Gwaggo Ungulu ta gyara tsayuwa ta ce, "Ɗan nan, an kira ka, mun ji. Faɗa wa majalisa wurin da ka yi mako guda kana aiki. Ni tun kakanka yana ƙwai nake kwashe mushen dajin nan. Ba wanda ya nemi hotona ranar da annoba ta kashe ɓauna a bakin mashaya. Sai da aka ce za a fara biyan albashi, sa'an nan aka gano ina da sanƙo."

Masu ɗaukar aiki sun zo da lauya, Hankaka, cikin baƙar riga da farin ƙyalle a wuya. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ranki ya daɗe, na bincika dokokin daji tun daga na farauta har na rabon inuwa, ban ga inda aka hana ba. Abin da ba a hana ba kuwa halal ne. Mai gida yana da haƙƙin sanin wanda zai shigo masa gida. Ko a kasuwa ba a cinikin biri a sama."

Sodangi ya yi tsalle ya ce a janye wannan magana. Aka ɓata lokaci mai tsawo ana muhawara a kan ko karin magana zagi ne, har aka yanke cewa ya danganta da wanda ke zaune kusa.

Daga nan Kure ya nemi izini. Ƙato ne, mai sheƙi, ga ladabi. Ya ce, "Shugaba, 'yan majalisa, ba wanda ya kai ni ɗaukar ma'aikata a dajin nan, kowa shaida ne. Ni ba kyau nake dubawa ba. Lafiya nake dubawa. Ina son in ga ma'aikacina a murje, ba rama, ba ƙashi a waje. Wallahi in na ga hoton ramamme har abinci fita yake yi daga raina. Wannan tausayi ne, kuma ban san ranar da tausayi ya zama laifi ba."

Kunkuru, wanda ya fi kowa shekaru a majalisar, ya fito da kai a hankali. "Malam Kure, kullum kana ɗauka, gidan kuwa bai ƙara faɗi ba. Waɗanda ka ɗauka bara suna ina?"

"Duk suna ciki, Baba," in ji Kure.

Majalisa ta gamsu da wannan amsa, aka wuce.

Rana ta take, Giwa ta fara jin yunwa, kuma marasa kyau sun fi masu kyau yawa a wurin, kamar yadda yake a kowane taro. Saboda haka ta yanke hukunci. Ta ce, "Daga yau ba mai neman hoton mai neman aiki. Duk wanda ya nema a kira shi, a gwada shi a gaban shaidar majalisa, wanda ya fi iyawa a ɗauke shi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kunkuru, kai ne shaida, tunda ba ka gaggawa." Sa'an nan ta sa aka kira Sodangi ya ɗauki 'yan majalisa hoton tarihi, aka mai da marasa fasali layin baya.

Bayan 'yan kwanaki Kure ya sake neman mai kula da sito da ɗakuna. Da hantsi ya buɗe ƙofa yana lasar leɓe, sai ya tarar da Ladingo, da Beguwa mai dogayen kibau, da Tunku wanda warinsa ya riga shi sallama, ga Kunkuru a gefe ya sami inuwa. Ya leƙa bayansu ko akwai saura. Babu. Masu ƙiba sun saba a kira su ba gwaji, da suka ji za a riƙe tsintsiya sai suka ce ba ajinsu ba ne.

Aka buɗe sito. Ladingo ta ga yana da ƙura da ramukan kunama, ta ji kamar an kai kifi ruwa. Kafin rana ta karkata ta share shi tas, ta jera kunamun da ta kashe a bakin ƙofa. Kunkuru ya ce shi dai ya gani. Kure ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya ce ta fara yau.

Da la'asar ya kira ta ofis, ya tura ƙofa. Ya zagaya ta yana shinshina. "Ashe ƙasan ƙayar akwai 'yar tsoka," in ji shi. "Matso in yi miki bayanin aiki a kunne."

"Ina ji daga nan, Yallaɓai."

"Sirri ne."

Ta ga inuwar bakinsa ta rufo ta, ta dunƙule. Abin da ya biyo baya ba ta gani ba, ji kawai ta yi. Da ta warware, Kure yana can kusurwa ya riƙe baki da hannu biyu, hawaye na zuba.

"Lafiya, Yallaɓai?"

"Haƙori ne," in ji shi da ƙyar. "Ya daɗe yana damuna. Je ki aikinki."

Ta tafi gyaran ɗakuna. A ɗakin manyan baƙi ta ɗaga wani matashin kai mai taushi, ɗinkinsa ya ɓalle, gashi ya zubo, toka-toka mai ɗigon fari. Ta daɗe a tsaye tana kallonsa. Ta tuna irin maganganun da ta yi wa Talle a zuci, ta nemi gafararta, ta yi kuka mai isarta.

Washegari ta kai wa Kunkuru gashin. Shi ya kai majalisa. Hankaka ya ce kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, ba yadda za a tabbatar wannan zanen na wance ne, gashi kuma ba ya rantsuwa. Aka kafa kwamitin bincike, aka ba shi ɗakin zama kyauta a Masaukin Kure.

Gwaggo Ungulu ta ce wa Ladingo ta bar aikin, ramin kura sai 'ya'yanta. Ladingo ta yi tunani ta ce, "Gwaggo, in na tashi wata za a ɗauka, kuma ba lalle ta zo da ƙaya ba." Ta zauna. Da aka nemi mai gadi, ta je da kanta ta koya wa Beguwa aikin har ta ci gwaji. Da aka nemi mai dafa abinci, Tunku ya ci. 'Yar autan Kunkuru ta zama mai wanki, tana yi a hankali amma yana fita. Duk wanda Kure ya kira ofis yakan je, ya fito lafiya, mai gida kuma ya kwana biyu yana shan kunu.

Abin mamaki, sai masauki ya haɓaka. A da, kafin ma'aikaci ya gane inda ake ajiye bokiti ya ɓace, yanzu kuwa kowa ya san aikinsa. Ɗakuna suka yi tsaf, abinci ya yi daɗi in dai ba ka leƙa kicin ba. Fatake suka riƙa kwana, har da masu canza hanya don su biyo ta mararraba. Ladingo ta sami ƙarin girma, ta yi wa mahaifiyarta sabon rami mai ɗaki biyu. Da yamma ma'aikata kan zauna a tsakar gida suna hira suna dariya, Kure yana leƙensu ta taga. Shi kaɗai ne a gidan yake ramewa, har wandonsa sai da igiya.

Ƙarshen shekara majalisa ta ba shi lambar yabo ta mai gidan da ma'aikata suka fi daɗewa a wurinsa. Giwa ta rataya masa, ta roƙe shi ya faɗa wa sauran masu ɗaukar aiki sirrin abin. Kure ya shafa tabon da ke leɓensa, ya ce, "Haƙuri, ranki ya daɗe. Da cire rai." Aka yi ta tafi, Ladingo ma ta tafa.

A makon da ya biyo baya aka kafa sabon allo a ƙofar masauki, cewa saboda yawan jama'a, duk baƙon da ke son ɗaki ya riƙa aiko da hotonsa tun kafin ya iso. Ladingo ta karanta, ta kira Beguwa ta ce ta mai da tabarmarta ƙofar ɗakin mai gida. Hankaka kuwa ya duba dokar sama da ƙasa, ya tabbatar wa kowa ba ta ce komai a kan baƙi ba.