Yadda Ake Renon Tagwayen Injina a Buro

Bi matakan nan, na yi maka alkawarin injinanka ba za su taɓa mutuwa ɗaya-ɗaya ba. Ɗan Azumi ya bi su sau da ƙafa a buron, wato ofishin, wani aikin manoma a Agiye, shekarar da soja ke shirin miƙa wa farar hula mulki. Daga shagon cajin waya na kasuwar Gangara aka ɗauko shi gwaji, da sharaɗin in injinan suka tsaya ya koma inda ya fito. Komawar nan yake tsoro fiye da kunama, don ya riga ya yi bankwana da kowa har da ɗaga hannu.

1. Ka fahimci abin da aka ba ka

Manyan ordinatar biyu ne, wato kwamfutoci, aikin buro duka a cikinsu yake. Ɗaya na aiki, ɗaya na sauraron numfashinsa ta waya. Na farko ya faɗi, na biyu ya yi riƙon ƙwarya, in ya farfaɗo a mayar masa da kujerarsa. Kada ka yi mamaki, inji ne, yana mayarwa.

2. Ka raɗa musu suna

Ɗan Azumi ya sa musu Hasan da Husaini. Wa zai ji tausayin lamba?

3. Ka raba izini bisa shekaru

Masu ilimin boko sun ce a ba kowa izinin taɓa injinan daidai aikinsa. Rashin tarbiyya ke nan. Ka dubi idon wanda ya haife ka ka ce ba ka yarda da shi ba? Ɗan Azumi ya ba mai gadi kalmar sirri, ya ba direba. Mabuɗin ɗakin injinan kuwa ya miƙa wa Inna Tani mai shara da hannu biyu, saboda ta goyi tagwaye har ta aurar da su.

4. Ka saurari masu gogewa

Ran nan Inna Tani ta iske shi yana goge Hasan.

"Ɗana, mi kake yi haka? Ina na Husaini?"

"Inna, shi bai yi datti ba."

"Ba a yi ma tagwaye haka! Abin da ka yi ma wanga, ka yi ma wancan, in ba haka ba su yi hushi su tahi."

Daga ranar komai biyu-biyu. Tsumma biyu, turare biyu, gaisuwar safe biyu.

5. In matsala ta zo, ka nemo mai laifi

Fara da kuran, wato wutar lantarki. In akwai wuta, ka ce zafi ne. In da sanyi, ka girgiza kai ka ce, "Sai an gama zaɓe." Ba mai musa maka.

6. Ranar gwaji, ka tara jama'a

Mai duba aiki, Mushe Tijjani (haka 'yan bokon Faransanci ke cewa Malam), ya zo daga Maraɗi. Zai zare wayar wutar Hasan ya ga ko Husaini zai karɓa. Ɗan Azumi ya sha sabuwar riga. Aka zare. Hasan ya yi tsit, fitilar Husaini ta yi kore, aiki bai ko girgiza ba.

"Madalla!" in ji Mushe Tijjani, ya miƙo hannu.

Ɗan Azumi ya ji daɗi har ƙwalla. Hannun na cikin nasa Inna Tani ta jingine tsintsiya, ta duƙa da bisimilla, ta zare ta Husaini.

Buro ya mutu murus.

"Inna, mi kika yi?" in ji Mushe Tijjani.

"Ɗan'uwanai na kwance, shi yana aiki? Ba a gabana ba."

Sannu a hankali Mushe Tijjani ya janye hannunsa.

Gargaɗi

Na ce ba za su mutu ɗaya-ɗaya ba, kuma ban yi ƙarya ba. Abin da ya biyo baya tsakaninka da shef ɗinka, shugaban buro, ne, ni ba ruwana. Mai ƙorafi ya nufi Gangara ranar kasuwa, ya tambayi mai cajin wayar nan mai sabuwar riga. Ka gaishe shi da kyau, amma kada ka tambaye shi lafiyar yara.