Rasuwar Mai Jan Ido, Na'urar Lissafin Illo Mai Rediyo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fargabar da har yanzu ba ta kwanta ba, Malam Illo mai gyaran rediyo da agogo na bakin kasuwar Magaria, tare da maiɗakinsa Ƙande, yana sanar da ƴan uwa da abokan arziki na Magaria da Dungass da ƙauyukan da ke kewaye rasuwar na'urarsa ta lissafi ta aljihu, wadda ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, ke kira kalkilatiris, mutanen gari kuma suka sani da Mai Jan Ido. Ta cika ranar Litinin bayan la'asar, a farkon daminar bana ta 1978, a kan teburin da ta yi wa hidima, bayan jinyar da babu wanda ya san ranar da ta soma.

Marigayiya ba ƴar ƙasar nan ba ce. An haife ta a bayan teku, a wani gari da sunansa ya goge daga bayanta tun kafin ta iso. Hamman, ƙanen Illo, direban kamyo, babbar motar kaya mai hawa arewa, shi ya kawo ta shekaru biyu da suka wuce, a naɗe cikin rawaninsa. Baƙa ce, ba ta wuce tafin hannu ba, a goshinta akwai ƴar taga inda lambobi ke fitowa jajaye kamar garwashi. Muryarta ƙarama ce: ƙwas, ƙwas, in an danna ta, shi ke nan.

Wanda ya san Illo ya san gyaran rediyo abincinsa ne kawai. Abin da ke ransa shi ne ƙere-ƙere, irin waɗanda ba wanda ya sa shi. Ba ya wuce mataccen keke ko tsohuwar sarƙar ƙaramin babur mobilet bai tsaya ba. Kafin zuwan marigayiya a ƙasa yake lissafi da tsinke, awaki su bi ta kai su share, ya yanka ƙarfe ya zo gajere, ya zauna yana tsaki. Da ta zo, sai tsakin ya ragu. Ita ke gaya masa sau nawa zai naɗa waya, haƙora nawa zai fitar wa faifai, kaurin ƙarfen da zai ɗauki kaya. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, ba ta taɓa kai maganar rumfa waje ba. Tana shiga aljihun gaban riga ta bi shi duk inda aiki ya kira.

Aibinta ɗaya, ci. Pil sabo, wato ƙaramin batiri, ba ya kwana biyu a cikinta. Don haka Illo ya kwance bayanta, ya liƙa mata wayoyi biyu da dalma, ya haɗa ta da tsohon batirin mota, ta rayu a kansa cikin rufin asiri. A wajen wannan aikin ne ya gano tana waƙa. In aka ajiye ta kusa da rediyon da ke kunne, kowace lamba da kukanta: ɗaya ta ce ziii, takwas ta ce zuuu. Da haƙuri ya koya mata kiɗan da ya yi kama da na masu noma, har ranar kasuwa mutane kan cika rumfar, tsofaffi suna neman tsari, suna kuma matsowa.

Alamun ciwo sun bayyana tun bazara, sai dai so ya rufe wa mai ita ido. Bayanta ya riƙa ɗaukar zafi. Jan idon ya dushe, sai an kare shi da hannu ake gani. Wani lokaci ƙauri kan tashi a rumfar, Illo ya shinshina rediyoyin mutane ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa bai shinshina ta ba.

Cikin wannan hali Ɗanjuma mai haƙar rijiya, amininsa tun suna samari, ya zo da buƙata. Yana haƙa rijiya a wani ƙauye na ƙasar Yekuwa, ta yi zurfi, maza sun gaji da jan ƙasa da hannu. Illo ya ƙera masa inji: ganga mai naɗe igiya a kan sandar ƙarfe, da hannu na juyawa, da ƙusa guda wadda ke riƙe gangar da sandar. Duk nauyin da ke lilo a kan mai haƙa, a kan ƙusar nan yake. Ya tambayi marigayiya kaurinta, ta ce biyar. Ya sa ta milimita biyar. Aka ɗora inji a amalanken jaki, Ɗanjuma ya tafi yana sa albarka.

Bayan kwanaki, da hantsi, Ƙande ta fito da geron iri, tiya ashirin da bakwai, za a raba wa gidaje uku na dangi. Illo ya san amsar, amma ya danna don jin daɗin dannawa. Ya karanta abin da ya fito da ƙarfi, yana dariya.

Ƙande ta ce, "Biyar? To sauran fa, Malam, na ɓeraye ne?"

Ya daina dariya. Ya share, ya danna tara ita kaɗai. Biyar ta fito. Ya kare tagar da hannu ya duba da kyau, sai ya ga ɗan layi guda na saman lambar, ta hannun dama, ya mutu. Tara take nufi, bakinta ne ya kasa faɗa. Yana tsaye da ita a hannu, sai ya tuna wata biyar ɗin, ta ƙusar injin Ɗanjuma.

Ko hula bai ɗauka ba. Ya zare ta daga batiri, ya jefa ta aljihu, ya hau mobilet. Gabas ta riga ta haɗe, hadari ya yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke cak. Yashin hanya ya kayar da shi, ya tashi. Inda mobilet ta ƙi, ya sauka ya tura ta. A gonaki mutane na tsaye da sungumi suna duban sama, ba wanda ya amsa sallamarsa, ko kuwa shi ne bai ji ba.

Ya tarar da Ɗanjuma yana can ƙasa, maza biyu sun kama hannun inji, rabin tano, wato duro na ƙarfe da aka yanke, cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa da duwatsu yana shirin tasowa ta kansa. Illo ya faɗa kan hannun injin da ƙirjinsa yana ihu su saki. Ya sa aka kwance tanon, aka jefa tsohuwar igiya, aka jawo Ɗanjuma da hannu kamar da. Ya fito jikinsa duk laka, ransa a ɓace.

Ya ce, "Illo, lafiyarka kuwa? Kwana da kwanaki muna aiki da abin nan, ko ƙara bai yi ba. Ga ruwa zai sauko, so kake rijiyar ta rufta mini?"

Illo ya nuna a cika wani tanon da duwatsu, a saukar, a ɗago, ba kowa a ciki. Aka saukar, aka ɗago, lafiya lau. Maigarin ƙauyen ya gyara murya, matasa suka fara murmushi. Illo ya ce a sake. Tanon ya kusa baki sai aka ji ƙas, ƙaramar ƙara kamar an karya tsinke. Ganga ta kwance da gudu, igiya ta yi ta zuba, sannan daga can ƙasa wani gurnani ya taso wanda aka ji shi a tafin ƙafa. Ɗanjuma ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, ya koma gindin wata gawo ya zauna, ya rufe fuska da hannu biyu. A lokacin ne ɗigon farko ya faɗo.

Ruwan nan shi ya raka Illo har Magaria, marigayiya tana aljihunsa. Ya shanya ta, ya binne ta cikin busasshen gero, ya goge cikinta da gashin kaza. Da ya haɗa ta da batiri, layukan suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har lambobin suka koma wani rubutu da ba na kowa ba. Ranar Litinin ya kunna rediyo ya ajiye ta kusa. Ta ce ziii, doguwa, tana sirancewa, ta yanke. Ƙande ce ta kashe rediyon.

Ta rasu ta bar ƴaƴa da dama, kuma a nan ne mai sanarwa yake roƙon a saurara da kyau. Akwai injin surfe na Goggo Tabawa a Kwaya, mai juyawa da sarƙar keke. Akwai dogon ƙarfen eriya da ke tsaye a kan soron Manzo a Dungass, daidai saman inda iyalinsa ke shimfiɗa tabarma. Akwai gatarin da ke riƙe ƙafafun amalanken shanu guda biyu a Dogo-Dogo, da tankin ruwa da aka ɗora a kan ƙafafun ƙarfe a bayan wata makarantar allo a nan Magaria. Duka da lissafinta aka yi su. Illo ya zauna ya yi ta tunani, bai iya tuna wanne aka haifa tana da lafiya ba, wanne kuma bayan tara ta fara zama biyar.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da hantsi, a bayan rumfar, gindin bedi, wato itacen dogon yaro. Ba za a yi salla ba, liman ya riga ya yi bayani, Illo kuma bai yi musu ba. Za a sa ta cikin gwangwanin shayi, a naɗe da ƙyallen goge agogo. Ɗanjuma ya roƙi a bar masa haƙar kabarin, an bar masa.

Ba za a yi zaman makoki ba, domin daga wajen binnewa mai gidan zai hau mobilet da tsinkensa na lissafi a ƙasa, ya bi marayun ɗaya bayan ɗaya. Masu son yin ta'aziyya su yi wa Ƙande. Kafin ya iso, ana roƙon Goggo Tabawa ta koma turmi, masu amalanke su rage kaya, a zubar da ruwan tankin nan yau ba gobe ba. Wanda duk zai je Dungass, don Allah ya biya gidan Manzo ya ce masa ya ɗauke tabarmar yara daga gindin soro, don gabas ta sake haɗewa.